Ko Ɗigon Jini Zai Iya Tona Asirin Minshari?

A wannan wata ina so mu tattauna a kan wani abu da kowane gida a zango ya sani, amma ba a ɗauke shi a bakin komai ba, wato minshari. In ana hira aka ambaci mai minshari, dariya ake yi. Wani a ce nasa kamar injin niƙa, wani a ce kamar lore ta hau tudu da kaya. Har ma akwai masu ganin cewa minshari alama ce ta mutum ya ci ya ƙoshi, ya samu barci mai nauyi. To ni dai aikina awon jini ne, na fi shekara 20 ina yin sa a wani ƙaramin ɗakin gwaji a nan Kumasi, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da yayana ya yi mini a kan minsharinsa, wadda har yau masana a duniya ke neman amsarta.

Da farko dai ya kamata mu san cewa minshari iri biyu ne. Idan mutum ya yi barci, tsokokin jikinsa sukan saki, har da na maƙogwaro. Harshe ya koma baya, naman bayan ganɗa da beli su sauko, hanyar iska ta ƙuntata. In iska tana kutsawa ta matsattsen wuri sai naman ya riƙa karkarwa, to ƙarar nan ita ce minshari. Wannan iri na farko maƙwabta ya fi damu. Iri na biyu shi ne wanda hanyar ke toshewa ɗungurungum. Ƙirji na ta kokawa yana ja, amma iska ba ta shiga, daƙiƙa 10, daƙiƙa 30, wani lokaci har fiye da minti ɗaya. Iskar oksijin da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta farkar da shi na ɗan ƙanƙanin lokaci, ya yi wani irin gurnani ya ja numfashi, ya koma barci. Da safe ba ya tuna ko ɗaya. Wannan shi ne ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci.

Likitoci ƙirga shi suke yi. In numfashi ya tsaya ko ya ragu ƙwarai ƙasa da sau 5 a cikin awa ɗaya, ba a ɗauke shi ciwo ba. Daga 5 zuwa 14 ƙarami ne, daga 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Ka ga ke nan mai sau 30 a awa, in ya kwanta awa 7, an shaƙe shi fiye da sau 200 kafin gari ya waye. Ba a daɗe da gane wannan ciwo ba. A shekarar 1965 ne likitoci a Faransa da Jamus suka fara rubuta shi bayan sun auna masu barci da na'ura, a 1976 kuma masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka fayyace shi sosai. A 1993 wani bincike a jihar Wisconsin ya nuna cewa maza 4 cikin 100 da mata 2 cikin 100 masu matsakaitan shekaru suna da shi tare da gyangyaɗin rana. A 2019 aka ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya. Ɓarnarsa kuwa ba ta tsaya ga gajiya ba. Yana tafe da hawan jini mai taurin kai, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga, kuma direba mai shi yana cikin haɗarin mota ninki biyu ko fiye da na sauran direbobi.

Yayana direban lore ne. Albasa yake ɗaukowa daga arewa, ya bi ta Bolga da Tamale da Kintampo da Techiman ya sauke a Kumasi, ya huta kwana biyu ya sake juyawa. Ya haura shekara 50, ƙaƙƙarfa ne mai kaurin wuya, kuma ya daɗe yana shan maganin hawan jini har iri 3, amma in aka auna sai a tarar jinin yana sama. Matarsa ce ta fara kawo mini maganar. Ta ce, "Malam, minsharin na saba da shi, shekara 25 muna tare. Shirun nan ne yake hana ni barci. Sai ya yi tsit kamar an ɗauke wuta, ina ƙirgawa a raina, in na kai 20 sai in zungure shi." Ta ce yakan tashi fitsari sau uku ko huɗu a dare, ya wayi gari da ciwon kai da busasshen baki, in ya zauna ana hira kuwa kafin a zuba shayi na biyu kansa ya langaɓe. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan ciwo mai ɗakin shi ne na ƙarshen sani. Shi Yaya in aka tambaye shi cewa yake barcinsa lafiya lau, gajiyar hanya ce kawai, goro da kofi sun ishe shi.

Sai da wata asuba lorensa ta sauka daga kwalta a wajen Kintampo, ta faɗa rami da buhunan albasa, sannan maganar ta tashi daga wasa. Ba a rasa rai ba, yaron motarsa ne ya karye a hannu. Yaron ya ce ba wata mota a gabansu, ba dabba, ba ramin hanya, shi dai ya waiga ya ga idon maigidansa a rufe. Likitan da ke duba hawan jinin Yaya ya saurari labarin, ya auna wuyansa, ya ce yana zargin ɗaukewar numfashi a barci, amma tabbatarwa sai an yi gwajin barci a wani asibiti a Ankara. Gwajin kuwa kwana ake yi, a manna wa mutum wayoyi a kai da gefen ido da haɓa, a ɗaura masa ɗamara a ƙirji da ciki, a sa masa ɗan bututu a hanci da abin matse yatsa, ma'aikaci na zaune yana lura har gari ya waye. Ga kuɗi, ga layi, ga barin aiki, ga kuma tsoron kada mai motar ya ji labari ya karɓe makulli.

A ranar ya zo ya same ni a wurin aiki, ya zauna ya naɗe hannun riga. Ya ce, "Auta, zazzaɓin sauro ɗigo ɗaya kake ɗiba ka gaya wa mutum cikin minti 15. Suga ma haka. Mace ta kawo fitsari ka gaya mata tana da ciki ko ba ta da shi. To wannan wane irin ciwo ne da sai mutum ya bar sana'arsa ya je ya kwana da wayoyi a kai kamar rediyon da ake gyara? Ga hannuna, ɗebi jinin ka duba." Na ce masa, "Yaya, babu irin wannan gwaji tukuna, ko a nan ko a Turai." Ya ce, "To me suke jira?" Tambayar ta zauna mini a rai, na yi watanni ina bin abin da masana suka rubuta a kai, kuma abin da na samu shi ne nake so in gutsura muku.

Gwajin zazzaɓin sauro yana aiki ne saboda ƙwayar cutar tana zubar da wani sinadari nata na kanta a cikin jini, wanda jikin ɗan Adam ba ya yin irinsa. Gwajin ciki yana neman sinadarin da mahaifa ke fitarwa. Wato kowannensu yana da tambari ɗaya, nasa shi kaɗai. Ɗaukewar numfashi kuwa ba ƙwayar cuta a ciki. Maƙogwaro ne ke rufewa da dare ya buɗe da safe, in mutum ya zo gabana da hantsi numfashinsa daidai yake. Abin da ya rage wa mai bincike shi ne ya yi irin aikin maharbi, tunda bai ga naman ba sai ya bi sawu. Wannan sawu da ciwo ke bari a jini ko fitsari ko numfashi shi masana ke nema, su mai da shi gwajin da za a yi da rana tsaka.

Sawu na farko shi ne kumburin ɓoye a cikin jijiyoyin jini. Dukanmu mun san abin da dumso ke yi wa firiji. Ɗauke wutar na awa ɗaya bai kai ɓarnar a kawo a ɗauke, a kawo a ɗauke ba. Haka jijiyoyi ke wahala in oksijin na sauka yana hawa sau ɗaruruwa a dare. A 1997 wani likita mai suna Alexandros Vgontzas da abokan aikinsa a jihar Pennsylvania suka nuna cewa sinadarai biyu na kumburi, TNF da IL-6, sun fi yawa a jinin masu wannan ciwo. A 2002 masu bincike a asibitin Mayo suka samu irin haka ga sinadarin CRP, wanda hanta ke yi, kuma shi kam ko a ƙaramin ɗakin gwaji irin namu ana auna shi. Sawu na biyu daga ƙoda yake. In ƙoda ta ji oksijin ya yi ƙaranci sai ta saki sinadarin EPO, wanda ke umartar ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Yadda ƙwayoyin jiki ke gane ƙarancin oksijin ɗin nan shi ne binciken da ya sa aka ba masana 3 kyautar Nobel a 2019. Sawu na uku suga ne. Kowace farkawa ta firgici tana zubo sinadaran tashin hankali a jini, su kuma suna hana insulin aikinsa, don haka gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan mutum na wata 2 zuwa 3, yakan ɗan hau. Akwai kuma sinadarin yurik, wanda yawansa ke kawo ciwon gaɓoɓi, shi ma yakan ƙaru.

Da aka ga kowane sawu shi kaɗai bai isa ba, sai aka gwada haɗa su. A 2018 wani bincike a Amurka a kan maza fiye da 200 ya haɗa HbA1c da CRP da EPO a lissafi ɗaya, kuma haɗin ya fi takardun tambayoyi da aka saba amfani da su iya ware masu ciwon. Wasu sun bi ta fitsari. A 2009 likitan yara David Gozal da abokan aikinsa suka samu wasu sinadarai 4 a fitsarin safe da ke bambanta yara masu ɗaukewar numfashi da yara masu minshari kawai. Ko yawan fitsarin daren da matar Yaya ta lura da shi yana da bayani: in ƙirji na ja a kan rufaffen maƙogwaro, zuciya takan miƙe kamar ta cika da ruwa, sai ta saki sinadarin da ke sa ƙoda zubar da ruwa da gishiri. Wasu kuma iskar baki suka bi. A birnin Zurik na ƙasar Siwizalan, a 2016, an sa wasu majiyyata sun ajiye na'urar maganinsu na mako 2, aka riƙa auna iskar da suke fitarwa, aka ga sinadaranta sun sauya da ciwon ya dawo.

Duk da wannan ƙoƙari, har yanzu ba gwajin jini ko na fitsari ko na numfashi da aka amince ya tsaya a madadin gwajin barci. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar a 2017 ta ce ba a tabbatar da ciwon sai da gwajin kwana a asibiti, ko da ƙaramar na'urar da ake kwana da ita a gida. Babban dalili shi ne sawun nan ba na dabba ɗaya ba ne. Ƙiba kaɗai tana ɗaga IL-6 da CRP, don kitse da kansa yana fitar da sinadarin kumburi. Ciwon suga, shan taba, ciwon haƙori, duk suna taɓa su. Tunda kuma yawancin masu ɗaukewar numfashi masu ƙiba ne, da wuya a raba abin da ƙibar ta jawo da abin da shaƙewar ta jawo. Bugu da ƙari yawancin binciken a kan mutane kaɗan aka yi, kuma abin da aka samu a wannan asibiti ba kullum ake samunsa a wancan ba.

A nan ne nake so 'yan uwa su ba ni kunnensu, domin mu a wannan yanki muna da ƙarin matsala da ba ta dami mai bincike a Amurka ba. Ku dubi sinadaran nan 3 da aka haɗa a 2018. CRP yana tashi sama ƙwarai da zazzaɓin sauro, kuma a damina ba na ƙirga yawan masu zazzaɓin da ke zuwa gabana a rana. EPO yana hawa ga duk mai ƙarancin jini, ko na zazzaɓi ne, ko na tsutsar ciki, ko na goyon ciki, ko na sikila. HbA1c kuwa a kan jajayen ƙwayoyin jini ake auna shi, saboda haka nau'in jinin mutum yana iya karkata shi. Wasu injinan ba sa karanta shi daidai ga mai jinin S ko C, kuma duk abin da ya gajarta ran ƙwayar jini yana rage adadin. A 2017 wani bincike a kan baƙaƙen fatar Amurka ya nuna cewa masu jinin AS suna samun HbA1c ƙasa da na waɗanda suke da suga daidai da nasu. Mu kuwa a nan Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai a 1995, aka tarar kimanin 2 cikin 100 ana haifarsu da ciwon, masu ɗauke da ƙwayar kuma sun ninka haka sau da yawa. Jinin C ma ba inda ya fi yawa a duniya kamar arewacin Gana da Burkina Faso. Wato a jininmu sawun giwa ya taka na raƙumi.

Na ga haka da idona a takardar Yaya. Likitansa ya rubuta a yi masa gwaje-gwaje, na yi. CRP ɗinsa ya ɗan hau, amma mako 2 kafin nan ya sha maganin zazzaɓi. HbA1c ɗinsa yana bakin iyaka, amma shi mai jinin AC ne. Takardar ba ta ce yana da ciwon ba, ba ta kuma wanke shi ba. Don haka duk ranar da kuka ji an fito da gwajin jini na minshari, tambayar farko ita ce, a kan jinin su wa aka gwada shi?

Akwai wata alama da ta fi jini kusa da gaskiya, ita ce oksijin ɗin kansa. Ɗan abin nan da ake matse yatsa da shi, wanda kowa ya sani tun lokacin korona a 2020, wani injiniya ɗan Japan mai suna Takuo Aoyagi ne ya gano dabararsa a farkon shekarun 1970. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. Akwai irin wanda ke ajiye awon dare ɗaya cur, da safe likita ya ga sau nawa oksijin ya faɗi, da zurfin faɗuwar. Wani bincike na 2019 ya nuna cewa zurfin faɗuwar da daɗewarta sun fi ƙirgen tsayawar numfashi nuna wanda ciwon zuciya zai yi wa illa. To amma nan ma da sauran rina a kaba. Haske na'urar ke harbawa ta cikin fata, kuma a 2020 likitoci a jami'ar Michigan suka gano cewa ta kasa nuna ƙarancin oksijin ga baƙaƙen fata kusan ninki 3 fiye da yadda ta kasa ga farare. Jan farce da baƙin lalle ma suna iya rikita ta. Saboda haka lamba mai kyau a yatsa ba ta isa a sallami mai minshari ba in sauran alamun suna nan. Haka agogunan hannu na Samsung da Apple, waɗanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince a 2024 su riƙa faɗakar da mai su. Aikinsu su ce maka je ka ga likita, nan suka tsaya.

To kafin gwajin jinin ya zo, me ke hannunmu? Akwai tambayoyi 8 da likita Frances Chung ta tsara a Toronto ta ƙasar Kanada a 2008, waɗanda ba sa bukatar allura ko wutar lantarki. Shin kana minshari mai ƙarfi har a ji ta bayan ƙofa? Kana yawan gajiya ko gyangyaɗi da rana? Wani ya taɓa ganin numfashinka ya tsaya a barci? Kana da hawan jini? Ƙibarka ta yi yawa, wato in an raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita sau kansa ya wuce 35? Ka haura shekara 50? Kewayen wuyanka ya kai santimita 40? Namiji ne kai? Wanda ya amsa da i sau 3 ya kamata ya ga likita, wanda ya kai 5 kuwa yana cikin masu babban haɗari. Awon wuya telanka ma ya san shi. Yaya ya amsa 7 cikin 8. Tambayoyin ba sa tabbatar da ciwo, amma suna nuna wanda ya kamata a fara kashe wa kuɗin gwaji. Waya ma tana da amfani, don minti 5 na sautin mai barci da aka ɗauka ya fi dogon bayani a gaban likita. Kada kuma mata su ce na maza ne. Bayan ɗaukewar al'ada yana ƙaruwa a gare su, sai dai sau da yawa da ciwon kan safe da kasala da rashin barci yake zuwa, kuma mace takan ji kunyar a ce tana minshari.

A ƙarshe dangi muka haɗa kuɗi, aka yi wa Yaya gwajin da ƙaramar na'urar kwana ɗaya. Sakamakon ya nuna numfashinsa na tsayawa fiye da sau 40 a awa. Aka rubuta masa na'urar CPAP, wadda likita Colin Sullivan ya fito da ita a birnin Sidni na Ostireliya a 1981. Ɗan inji ne mai hura iska a hankali ta abin rufe hanci, iskar ta tokare maƙogwaro ya kasa rufewa. Wani ɗan 'yar uwarmu da ke ƙasar waje ne ya aiko da ita. Makon farko faɗa aka yi ta yi, ya ce shi ba zai kwana da takunkumi ba. A mako na uku da kansa yake neman a caja masa batiri saboda ɗaukewar wuta. Fitsarin dare ya koma sau ɗaya, ciwon kan safe ya tafi, hawan jinin ya ɗan sauka ko da yake bai daina shan magani ba. Ya koma tuƙi bayan likita ya yarda, amma ya bar tafiyar dare. Na'urar ba ta warkar da ciwon, tare shi take yi, duk daren da aka ajiye ta yana dawowa.

Akwai 'yan gargaɗi da ba zan rufe ba sai na yi. Kada a kai mai minshari wurin wanzami a ce a cire masa beli. Toshewar ba a beli kaɗai take ba, kuma yankan na iya kawo zubar jini da shigar cuta. Ko tiyatar maƙogwaro da ƙwararru ke yi a asibiti ba kowa take wa aiki ba, sai an zaɓa. Ƙwayar sa barci da barasa da taramol suna ƙara sakin maƙogwaro ko danne numfashi, mai wannan ciwo ya nisance su. Kwanciyar gefe ta fi ta rigingine. Mun gaji cewa alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, amma binciken Wisconsin na shekarar 2000 ya nuna cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 na nauyi yana ƙara tsayawar numfashi da kimanin kashi 32, rage kashi 10 kuma yana rage ta da kimanin kashi 26. A Disamba 2024 aka amince a Amurka da allurar rage ƙiba ta farko don masu wannan ciwo, sai dai tana da tsada ƙwarai. Siriri ma yana iya samun ciwon in haɓarsa ƙarama ce ko hancinsa a toshe yake. Yaro kuwa da ke minshari kullum, yana barci baki buɗe, yana fitsarin kwance, karatunsa na ja da baya, a kai shi a duba masa tsokokin nan biyu na gefen maƙogwaro da naman bayan hanci, domin sau da yawa su ne suka yi girma, kuma cire su a asibiti yakan magance matsalar.

Kirana ga shugabannin direbobi a tashoshinmu shi ne su sa tambayoyin nan 8 a cikin taronsu, su kuma nema wa mambobinsu tabbacin cewa wanda ya fito ya nemi magani ba za a raba shi da motarsa ba, domin tsoron rasa abinci shi ke sa direba ɓoye gyangyaɗinsa har ya kai ga rami. Sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa masu shirya awon hawan jini kyauta, su ƙara da igiyar awon tela da takarda ɗaya. 'Ya'yanmu da ke karatun likita da awon jini kuma, ga fili nan a buɗe. Gwajin da zai yi aiki a kan mai zazzaɓin sauro da mai jinin AC sai an gwada shi a kan irinmu, don haka in masu bincike na gaskiya suka zo da izinin hukuma suna neman masu ba da jini, kada mu gudu.

Kai kuma mai karatu, in akwai mai minshari a gidanku, yau da dare ka saurare shi na minti 10. In ka ji ya yi shiru sannan ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ka ƙirga, ka ɗauki sautin, da safe ka zaunar da shi ka gaya masa cikin mutunci, ku nemi likita tare. Allah ya ba mu lafiya da barci mai amfani. Sai wani watan in rai ya kai.